Sare Shi, Farfesa

A Dutse Alhaji, idan ka sauka daga motar Bwari ka bi layin masu gasa masara, za ka tarar da shagon gem, wato wasan talabijin, na Madam Margaret. Talabijin huɗu ne a ciki, da benci biyu, da fanka ɗaya da take juyawa kamar mai jin nauyin jiki. A barandar shagon kuwa akwai teburin Manniru, inda ya shekara uku yana sayar da caja da iyafis da gilashin da ake liƙa wa fuskar waya.

Barandar ba tasa ba ce. Madam ce ta bar masa gefenta saboda Allah, ranar da ta gan shi a bakin titi rana ta narkar masa da rabin kaya. Wanda bai san darajar inuwa ba, bai taɓa tsayawa a wannan layi da ƙarfe biyu na rana ba. Manniru ya san darajarta. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake zama a cikinta a yi shiru.

Shi Bakano ne, a faɗarsa. Garinsu tafiyar awa uku ce daga Kano, amma ya taɓa yin wata takwas a birnin, kuma a Abuja wannan ya isa shaida. Ilimi iri biyu yake da shi: na Hausa, da na sauran abubuwa duka.

Wanda ya fi shan ilimin farko shi ne Silas, wani Bagwari mai tuƙa Keke, ɗan Paikon Kore, mutum mai haƙurin da ya wuce misali. Silas yana jin Hausa sarai, sai dai a bakinsa kowa da komai namiji ne.

"Oga Manniru, matana ya ce in gaishe ka."

"Matata ta ce, Silas. Matata ta ce."

"Kai ma matanka ya ce?"

"Ba tawa ba, taka! Ni ina na ga mata?"

Shekara biyu Manniru ya yi yana wannan gyara a gaban jama'a, kyauta, har gyaran ya haifar da ɗa mai ido. Silas ya rikice gaba ɗaya. Wata rana ya shigo yana cewa babansa ta zo daga gona, mamarsa ya dafa doya. Daga ranar Manniru ya kafa doka, ya kuma shelanta ta a layin kaf.

"Ni kaɗai nake jin Hausar Silas. Abin ba wuya. In ya ce shi, ita yake nufi. In ya ce ita, shi ne. Ka juya kawai, kamar riga."

To, a shagon Madam akwai gem biyu da suka raba kan samari. Sunayensu na Turanci dogaye ne, ba wanda ya taɓa wahalar da kansa. Ɗaya suna ce masa Rijiya, don a ƙasan wata tsohuwar rijiya ake farawa, mutum ya yi ta hawa yana haɗuwa da abubuwan da bai kamata a tarar a rijiya ba. Ɗayan kuma Maƙabarta, don dalilin da ba sai an faɗa ba. Duka biyun duhu ne da takubba da dodanni, duka biyun kuma an yi su ne don su ƙure haƙurin ɗan Adam. A ƙarshen kowane mataki akwai wani ƙaton dodo da yake tare hanya, shi suke kira oga.

Shugaban 'yan Maƙabarta shi ne Rilwanu mai aski. Shugaban 'yan Rijiya kuwa Silas, wanda ya yi wata bakwai yana ajiye Kekensa da tsakar rana ya buga awa guda, Madam tana adana masa inda ya tsaya a talabijin ta can lungu. Kullum sai sun yi musu ɗaya, kamar shan magani.

"Rijiya ai wasan tsofaffi ne," in ji Rilwanu ran wata Talata. "Ka laɓe a bayan garkuwa kamar kunkuru, ka jira, ka ɗan sara, ka koma ka laɓe. A Maƙabarta babu garkuwa, malam. In oga ya ɗaga gatari, ko ka mirgina, ko a yi maka salla."

"Amma in ka mutu a Maƙabarta, nan kusa za ka tashi," in ji Silas. "A Rijiya in ka mutu, duk abin da ka tara ta zube. Kuma Rijiya ba ya mantuwa. Abin da ka yi, ka yi. Ba a komawa baya."

"Namu ma ba a komawa."

"Naku gudu ne. Namu tunani ne. Ni da ba don Kaka ba, da tuni na bari. Kaka ne mai dafa magani, Kaka ne mai riƙe makullin ƙofar ƙarshe. Ba Kaka, ba gama gem."

Manniru yana jin su ta taga. Sai dai shi yana sauraron Silas ne don ya kama kuskure, ba don ya ji magana ba. Ya ƙirga kuskure uku, ya bar zancen Kaka ya wuce ta gefen kunnensa. Sannan ya leƙo da kai.

"Wai har yanzu a kan waɗannan kuke? Ai dukkansu wasan yara ne."

Rilwanu ya juyo. "Ka taɓa bugawa?"

"A Kano? Sati ɗaya na gama su duka biyun. Ina zazzaɓi ma a lokacin."

Gaskiyar magana, hannun Manniru bai taɓa riƙe fad ba, wato abin da ake dannawa a sarrafa mutumin cikin talabijin. Iliminsa na gem daga taga ya samo shi, da kuma bidiyon da yake kallo a waya har datarsa ta ƙare, wanda yawanci ba ya wuce minti uku. Saboda haka ya san farkon kowane abu a duniya.

"To wanne ya fi wuya?" in ji Silas.

"Wannan ba tambayar da ake amsawa ta taga ba ce. Sai an zauna."

A daidai wannan lokaci wata dabara ta faɗo masa, irin wadda take faɗo wa mutum in Allah ya so a yi dariya. Akwai wani gurbi a cikin shagon, daidai ƙarƙashin fanka, kusa da soket. Ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙe ya shiga wurin Madam, ya bayyana mata shirinsa: zai buɗe makarantar koyar da gem a wannan gurbi, ya dawo da teburinsa ciki, samari su riƙa zuwa daga Kubwa da Karu har Gwagwalada. Ran Asabar zai buɗe da nuni a gaban jama'a, ya buga gem biyun, ya yanke hukuncin wanda ya fi wuya, musu ya ƙare.

Madam Margaret ta sauke gilashinta zuwa kan hanci. Ta haura hamsin, ta yi kiwon 'ya'ya biyar, ta san ƙarar tulun da ba ruwa.

"Manniru, ka iya wannan abu?"

"Haba Madam."

"To ji. Akwai wani mai POS, wata uku yana damuna a kan wannan baranda. Ni na ce akwai mutum. Ran Asabar ka kashe oga ɗaya, guda ɗaya kawai, a duk gem da ka so. Ka kashe, gurbin fanka naka ne. Ba ka kashe ba, tebur zai sauka daga baranda. Na gaji da surutu a taga na."

Mutum mai hankali a nan zai ce wasa yake. Manniru ya kalli fankar, ya kalli samarin da suke jira.

"Oga ɗaya? Madam, wannan ai raini ne. Amma na karɓa."

Kada a ɗauka ba shi da lissafi. Ya lura cewa duk Asabar, da ƙarfe biyu daidai, ake ɗauke wuta a layin, ba ta dawowa sai magariba. Ya kuma san janareton Madam yana wurin mai gyara tun kafin Kirsimeti. Don haka ya sa nunin ƙarfe biyu saura kwata. Zai yi jawabi na kwata, wuta ta tafi, ya girgiza kai ya ce Allah bai nufa ba. Daga nan a ɗaga, a sake ɗagawa, har a manta. Ya ga manyan mutane sun yi shekaru a kan kujera da wannan dabara.

Ya je ya bugo fosta mai hotonsa, da aron kwat da gilashin da ba magani a ciki. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: FARFESA MANNIRU, GWANIN RIJIYA DA MAƘABARTA. Ya liƙa ta a jikin baranda.

Ran Laraba wani dattijo ya yi sallama, ya zauna, ya ce tasu rijiyar ta ƙafe tun watan jiya, ko Farfesa yana yasa, ko sabuwa kawai yake haƙawa. Ran Alhamis mutum biyu suka zo daga wata unguwa, murya ƙasa ƙasa, suna neman wanda zai taimaka musu da gyaran katangar maƙabartarsu. Manniru ya yi musu bayanin gem. Suka saurara har ƙarshe, ɗayansu ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Larai mai awara, wata Bazazzagiya da take suya a tsallaken kwata, ta ga komai.

"Farfesa, an ce kana karɓar kwangila. Masai ɗinmu ma ya cika."

"Yaya Larai, ilimi ba a wasa da shi."

"Shi ya sa na ga ka bar shi ya huta."

Manniru ya lura cewa kwanakin nan Silas yana yawan zama a bencin Larai, su yi ta ƙus-ƙus, Silas yana motsa baki kamar mai bitar karatu. Ya ɗauka awara ce ta kama shi. Bai bi ta kai ba, yana da manyan abubuwa a gabansa.

Ran Asabar shagon ya cika har baranda. Masu Keke sun zo saboda Silas, masu jiran aski sun biyo Rilwanu da rabin kai, Larai ta sauke kaskonta ta zo ta tsaya a taga. Har dattijon rijiyar ya dawo, ko don ya ga ƙarshen abin.

Manniru ya hau jawabi. Ya yi bayanin cewa Maƙabarta gem ne na ƙafa, Rijiya na zuciya. Ya ce shi a nazarinsa, sirrin irin waɗannan wasanni ɗaya ne: yaudara. Abin da ka ga yana huci ba shi ne haɗari ba, wanda ya yi lamo shi ne mugu. Wannan jimla ta yi masa daɗi har ya maimaita ta sau biyu. Yana magana yana satar kallon ƙwan fitila.

Ƙarfe biyu ta buga. Ƙwan yana nan.

Biyu da minti biyar. Fanka tana juyawa, har kamar ta ƙara kuzari.

"Farfesa, jawabin ya isa," in ji Rilwanu. "Akwai mai rabin kai yana jirana."

"Ina dai tausaya muku ne. Kada mu fara a ɗauke wuta."

"Kar ka damu," in ji Madam. "Janareto ya dawo jiya. Na cika shi da mai."

Manniru ya ce alhamdu lillahi, da muryar wanda aka yi wa albishir da sammaci.

Aka fara da Maƙabarta. Rilwanu ya miƙa masa fad, ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce na Kano sun fi wannan.

"Na Kano ma a kife ake riƙe su?" in ji Rilwanu.

Ya juya shi. A talabijin ga wani jarumi tsaye a bakin wani tsauni, da doguwar riga da takobi, kaburbura sun miƙe a gabansa har inda ido ya ƙare. Manniru ya danna wani maɓalli. Jarumin ya durƙusa ya gaida iska.

"Ladabi," in ji Manniru. "Ba a shiga maƙabarta ba sallama."

Ya danna wani. Jarumin ya ɗaga kwalbar magani ya shanye. Ya sake dannawa, ya sake shanyewa, har kwalba uku, da lafiyarsa ƙalau.

"Rigakafi," in ji Manniru.

"Ya fi magani," in ji Larai daga taga. "Ci gaba, likita."

Ya danna na uku. Jarumin ya mirgina, mirginawa mai kyau, irin wadda Rilwanu yake yabo, sai dai ta baya ya yi ta. Ya faɗa tsaunin. An ɗan jima ana jin ihunsa.

"Wannan darasi na farko ke nan," in ji Manniru. "Yadda ba a yi."

Darasi na biyu, ya shiga wani shafi bai san yadda ake fita ba, ya yi ta danne-danne, da ya fito sai ga jarumin daga shi sai ɗan kamfai. Ya ce don sauri ne, kaya nauyi ne. Wani mataccen kare ya taso daga bayan kabari ya gwada saurin, ya same shi bai kai ba. Darasi na uku karen ne dai. Na huɗu ma shi ne. A na biyar Manniru ya guje wa karen da gwaninta, ya koma tsaunin.

"Oga fa?" in ji Madam.

"Muna hanya, Madam."

"Ogan farko yana bayan wancan ƙofa," in ji Rilwanu. "Taku ashirin ne. Ka yi huɗu."

Dattijon rijiyar ya tambayi na kusa da shi ko karen ne Farfesan. Aka ce masa a'a.

Manniru ya ajiye fad, ya goge gumi da hannun kwat ɗin aro. Ya ce ya gama nazarin Maƙabarta, sakamakon yana kansa. Matsalar ita ce farkon gem ba wurin nuna gwaninta ba ne, kamar a ce wa direban tirela ya tuƙa keken yara. A kai shi wurin manya.

"Silas, ba shi naka," in ji Rilwanu yana dariya. "Rijiya ai ko wannan zai ci."

Silas ya dubi talabijin ta can lungu. Wata bakwai ba wasa ba. Amma ya yi lissafi: ya riga ya kashe duk abin da ya tara a kan sulke da takobi, mutuwa ba za ta rage masa komai ba. Kuma inda ya tsaya akwai wani oga da ya kashe shi sau talatin da ɗaya. In wannan ogan ya tattake Farfesa cikin ƙiftawar ido, kowa zai ga wanne gem ne na maza. Ya tashi ya kunna talabijin ta lungu, wadda ba a hangowa daga taga.

Wani babban ɗaki ne na dutse. A can ƙarshe ƙofa ce ta ƙarfe, a rufe. A gefe ɗaya wata tsohuwa ce zaune a gaban tukunya, ta lulluɓe da tsumma, tana juya magani, makulli yana rataye a wuyanta. Duk wanda yake shagon ya san Kaka, ban da mutum ɗaya. A tsakiyar ɗakin kuwa ga ogan: ƙato mai kan bijimi, da gatarin da ya fi ƙofar shagon Madam faɗi.

Ƙaton ya yi ruri ya taho. Manniru ya yi abin da kakanninsa suka yi a irin wannan hali: ya runtse ido, ya kama salati, ya danna duk abin da yatsunsa suka samu.

An ce sa'a ta fi sammako. Jarumin Silas, da sulken wata bakwai a jikinsa, ya mirgina inda bai kamata ba, gatarin ya wuce ta inda ya kamata ya kasance. Ya ɗaga garkuwa ba dalili, sai ga dalilin ya sauka a kanta. Ya kai sara ga iska, ƙaton ya kawo wuyansa wurin. Silas, wanda ya yi wata guda yana nazarin wannan dodo, ya miƙe tsaye a hankali, baki buɗe. Dodon da aka gina don ya karanta tunanin mai wasa ya haɗu da wanda ba shi da shi.

Jan layin da yake nuna ran ƙaton ya yi ta raguwa. Rabi. Kwata. Ɗan siriri kamar zare. Ƙaton ya saki gatari ya faɗi a kan gwiwoyinsa, yana haki, daf da tukunyar tsohuwar.

Ihun da aka yi ne ya buɗe idon Manniru. Ya ga ƙato a durƙushe, ya ga Rilwanu ya dafe kai, ya ga Madam ta cire gilashi gaba ɗaya. Ya ɗaga kai ya kalli fankar, ya ji iskarta a fuskarsa kamar ta riga ta zama tasa. Sara ɗaya ya rage.

Silas ya manta da musu, ya manta da ɓangare. Ya daka tsalle.

"Sare shi! Farfesa, sare shi! Shi!"

Da Manniru ya sake runtse ido, da yanzu yana ƙarƙashin fanka. Amma jama'a suna kallo, kuma Farfesa ba ya cin nasara ba tare da sharhi ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Jama'a, kun ji Silas ya ce shi. Wanda bai san Hausar Silas ba, sai ya tafi wurin wannan bawan Allah da ya riga ya durƙusa. Ni kuwa me na gaya muku? Ka juya, kamar riga. Kuma me na ce ɗazu? Wanda ya yi lamo shi ne mugu. Ku dubi yadda ta yi shiru. Ku dubi idonta."

"A'a!" in ji Silas. "Shi! Shi!"

"Na ji ka, Silas. Kwantar da hankalinka."

A duk ranar, wannan ne karo na farko da jarumin ya tafi daidai inda Manniru ya nufa. Sara ɗaya, mai tsabta. Tsohuwar ta ɗago kai ta faɗi wata magana da Turanci cikin sanyin murya, tukunyar ta kife, makullin ya narke ya bi ƙasa. A kusurwar talabijin wata 'yar alama ta juya sau biyu, alamar Rijiya ta rubuta abin da ya faru, kuma ba ta mantuwa.

Ƙaton ya gama hutawa. Ya miƙe, ya ɗauki gatarinsa, ya yi abin da ya saba.

Sai a lokacin aka ɗauke wuta.

A cikin zafin da ya biyo baya, kafin a tada janareto, muryar Silas ta fito a hankali, kowace kalma a wurinta.

"Na ce shi. Ƙaton namiji ne. Na ce shi."

"Ai shi ya sa na..."

"Mako uku ina zama wurin Larai tana koya mini! Mako uku! Saboda kai! Matata ta ce in rabu da kai, na ƙi. Ka ji? Matata ta ce!"

"Hausarsa daidai take, Farfesa," in ji Larai daga taga. "Ni na duba masa. Jiya ma bai faɗi ko ɗaya ba."

"To ai ba a sanar da ni ba," in ji Manniru. "In mutum zai gyara Hausarsa, sai ya faɗa wa jama'a."

Rilwanu ya dafa kafaɗar Silas. Ya ce ya janye duk abin da ya taɓa faɗa. A Maƙabarta dodo ne kawai yake kashe mutum, amma gem ɗin da baƙo zai shigo ya rushe maka wata bakwai da sara ɗaya, wannan ba a haɗa shi da komai. Rijiya ta fi wuya. Musun shekara guda ya ƙare a nan, kamar yadda fosta ta yi alkawari.

Manniru ya ga wata 'yar ƙofa, ya nufe ta. Ya gyara kwat.

"Madam, in an bi magana, cewa aka yi in kashe ɗaya. Kowa shaida ne, na kashe ɗaya."

Madam Margaret ta mayar da gilashinta. Ta dube shi, ta dubi Silas da ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ta sake dubansa. Mace ce mai tausayi, kuma waɗanda suka san ta sun ce a wannan lokaci zuciyarta ta fara sanyi, don shekara uku ba kwana uku ba ce.

"Manniru," ta ce, "tsohuwa mai dafa magani, shi ne oga?"

Manniru ya ji kalmar ta taso masa daga ciki. Ya yi ƙoƙarin danne ta, Allah ya sani ya yi.

"Ita ce ake cewa, Madam."

"Oya," in ji Madam. "Ɗauki tebur."

Ran Litinin mai POS ya kafa kujerarsa a baranda, mutum ne mai shiru, Madam tana yabonsa. Teburin Manniru yana tsallaken kwata, kusa da kaskon Larai, inda zafin rana yake haɗuwa da na mai su gaisa. Fostar ta yi amfani a ƙarshe: ya ɗaura ta a kan sanda biyu, tana ba cajojin inuwa, shi kuma tana rufe masa kunne ɗaya.

Da tsakar rana Silas ya ajiye Kekensa. Ya sake fara Rijiya daga ƙasa, ya ce wannan karon ya san hanya, wata huɗu za su isa. Kafin ya shiga shagon ya tsallako kwatar, ya zaɓi iyafis ɗaya, ya biya ba ciniki. Sannan ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi gumin da yake ɗiga daga haɓar Manniru. Ya yi magana a hankali, yana kallonsa cikin ido.

"Farfesa, rana ya yi zafi yau."

Larai ta tsayar da matsamin awara a iska. Bakin Manniru ya buɗe da kansa, harshensa ya riga ya hau hanya. Ya kalli barandar, ya kalli Silas, ya haɗiye.

"Ya yi, Silas," ya ce. "Wallahi ya yi."